Garkar Magani a Cikin Gida: Shukawa, Sarrafawa da Iyakar Amfani

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya shiga gidan Bahaushe na ƙauye, musamman da damina, da wuya ya fita bai ga wani tsiro da aka bari da gangan ba: ko zogale a jikin darni, ko lalle kusa da rijiya, ko ɗoɗɗoya a gindin randa inda ruwa ke ɗiga. In aka tambayi uwargida dalili, amsarta ba ta wuce biyu, wato na miya ne ko na magani ne, sau da yawa ma duka biyun. Wannan haɗuwa ta abinci da magani ita ce Nina Etkin da Paul Ross suka yi nazari a kanta a wani ƙauye na ƙasar Kano, suka buga sakamakon a 1982, inda suka nuna cewa da yawa daga cikin tsirran da Hausawa ke sha don ciwon ciki su ne dai waɗanda suke ci yau da kullum.

Wannan takarda za ta yi bayani a kan yadda ake kafa irin wannan ƴar garka a cikin gida, da tsirran da suka dace da ita, da hanyoyin sarrafa su, da kuma wurin da ya kamata a tsaya a nufi asibiti. An zaɓi kalmar garka, wadda aka fi ji a Hausar yamma, a maimakon lambu da aka fi sani a Kano da Zariya. Ma'anarsu a nan ɗaya ce. Ɗalibi ya kuma kiyaye, kada ya ce "lambun bayan gida" yana nufin wanda ke can baya, domin bayan gida a Hausa wani wuri ne daban. Bayan ɗaki ake cewa, ko tsakar gida.

2.0 Me ya sa a gida, alhali ga daji?

A da, mai neman magani gatari yake ɗauka ya shiga daji. Yau dajin ya ja baya, kuma itatuwan da aka fi nema su suka fi jin jiki. Dubi maɗaci a bakin hanyoyin garuruwanmu: kusan kowane gindi an sassaƙe shi iyakar inda hannu ke kaiwa. Abincin da ganye ya haɗa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, saboda haka in aka sassaƙe ice aka kewaye shi, an yanke masa hanya ke nan, sai ya bushe a tsaye. Haka marke da bagaruwa suke fama. Garkar gida ta fi dogara ga ganye, shi kuwa ganye ana tsinka yana sake tohowa.

Dalili na biyu ya fi wannan nauyi a ganina, shi ne tabbaci. Garin magani da aka ƙulla a leda a kasuwa ba ya faɗin sunansa. Mai saye bai san wane tsiro ba ne, bai san yaushe aka ɗebo shi ba, bai san ko an gauraya shi da wani abu ba. Sunayen kansu suna da rikici. Tun a 1916, da J. M. Dalziel ya buga ƙamusunsa na sunayen tsirrai a Hausa, aka ga cewa tsiro ɗaya kan amsa sunaye da yawa, suna ɗaya kuma kan hau tsirrai daban-daban. Itaciyar da wasu ke kira darbejiya ita ce dogon yaro, ita ce bedi, ita ce maina. Yakuwa a gabas ita ce sure a yamma. Wannan bai cika cutarwa ba. Na biyun ne haɗari, wato a ce mutum biyu suna kiran suna ɗaya alhali kowa da tsiron da yake nufi. Wanda ya shuka da hannunsa, ya ga tsiron tun yana ɗan ganye biyu har ya yi fure, ya tsira daga wannan rikici.

3.0 Wuri, ƙasa da ruwa

Ba a bukatar fili mai yawa. Taku uku a tsaye, taku biyu a kwance ya isa gida ɗaya. A zaɓi wurin da ke samun ranar safe, inuwar bango ko ta ice ta rufe shi da azahar, domin ranar bazara tana ƙone ƙananan tsirrai. Ya kasance nesa da masai da kwata. Kafin a shuka komai a fara kafa shinge, ko na kara ko na waya, don akuya ba ta san bambancin magani da ciyawa ba, kaji kuma tono ne aikinsu.

Ƙasar mafi yawan gidajenmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa. Maganin wannan shi ne taki, amma ruɓaɓɓe, wanda ya kwana biyu a jibge har ya yi baƙi ya daina wari. Ɗanyen kashin dabbobi yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Wanda yake haya, ko tsakar gidansa siminti ne, sai ya nemi fasasshiyar randa ko tsohon bokiti ko buhu, ya huda ƙasansa, ya cika da ƙasa da taki. Ruwan alwala da na wankin hatsi ko shinkafa duk suna da kyau. Ruwan sabulu da na omo ne ba a so. Ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya ake yi. Sai dai kada a bar ruwa ya kwanta a kasko ko taya, domin a ƙasar zafi sauro na iya kammala girma daga ƙwai cikin kwana 7 zuwa 10, kuma abin kunya ne garkar magani ta zama ita ce mai kawo masassara.

Maganin ƙwari na kanti, musamman wanda ake kira fiya-fiya, ba shi da gurbi a nan. Ganyen da za a jiƙa a sha ba a fesa masa guba. In ƙwari sun dame ka, a daka ƙwallon darbejiya kimanin giram 50, a jiƙa a lita 1 ta ruwa ya kwana, a tace, a yayyafa da yamma. Toka ma tana taimakawa.

4.0 Tsirran da suka dace

Zogale ne farkon abin da za a dasa. Masana tsirrai na kiran sa Moringa oleifera, asalinsa daga arewacin Indiya, kuma a Nijar ana ce masa tamaka ko zogala-gandi. Yankin Maraɗi ya yi suna wajen nomansa. Ana shuka ƙwayarsa a zurfin gaɓar yatsa, ta tsiro cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko kuma a yanko reshe mai tsawon mita 1 a kafa. Yana jure fari, amma ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar shi ya yi ta tsawo har ganyen ya fi ƙarfin hannu. In ya kai ƙugun mutum sai a datse kansa, ya yi rassa, ya cika da ganye.

Amfanin zogale na gina jiki tabbatacce ne. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na busasshen ganyensa sinadarin gina jiki ne, ga kuma bitamin A da sinadarin ƙarfe mai taimaka wa jini da na ƙarfafa ƙashi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wanda wasu ke rainawa a matsayin cimar talaka, abinci ne da ya dace da mai shayarwa da yaron da aka yaye. Amma abin da masu talla ke faɗa da lasifika, cewa yana warkar da ciwon suga da daji da kowace cuta, ba a tabbatar da shi ba. Ganye ake ci. Saiwa da ɓawonsa kuwa mai ciki ta nisance su, don an daɗe da sanin suna iya zubar da ciki.

Sai yakuwa, wadda ake shukawa a farkon damina a girbe ta da kaka. Ba a yar da komai nata: ganye na miya da fate, soɓorodo na sha, gurguzu kuma, wato ƴaƴanta, a yi daddawar batso. Soɓorodo yana cikin ƴan tsirarun magungunan gida da aka gwada a kan mutane bisa ƙa'ida. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka buga a 2010, an ɗauki mutum 65 masu hawan jini marar tsanani. Waɗanda suka sha kofi 3 kullum har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kimanin 7, ta sauran kuwa da kimanin 1. Wannan ragi ne na gaske, amma ƙarami ne. Mai shan ƙwayar hawan jini ba zai ajiye ta ya koma ga soɓo ba. Sannan soɓon da aka cika da sukari, irin na ƙullin leda, ya ba da da dama ya karɓe da hagu.

Akwai tsirrai uku masu ƙamshi da ke zama lafiya a tukunya: na'ana'a, ɗoɗɗoya, da ciyawar shayi wadda mutanen birni ke kira sitronel. Dukkansu ana zuba wa ganyensu tafasasshen ruwa a sha don kumburin ciki ko mura. Tsiron na'ana'a yana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa, in ba a killace shi ba sai ya cinye garkar.

Shuwaka reshe ake kafawa, kuma tana son ruwa fiye da zogale. Ɗacinta ne ya sa ake ba da ita don buɗe ciki da tsutsar ciki. Abin mamaki, a 1987 Michael Huffman ya ga wata birinya nau'in cimfanzi marar lafiya a tsaunukan Mahale na Tanzaniya tana ɓare karan shuwaka tana tsotse ɗacin, alhali ba cimarsu ba ce ta kullum. Ashe ba mu kaɗai muka san ta ba.

Zabuwa, wadda danginta na waje ya shigo birane da sunan alobera, ba ta bukatar kulawa, yawan ruwa ne ma ke kashe ta. Abu biyu ne a cikin ganyenta, kuma dole a rarrabe su. Farin yauƙin tsakiya shi ake shafawa ga ƙaramar ƙuna, bayan an fara sanyaya wurin da ruwa mai tsabta na kimanin minti 20. Rawayan ruwa mai ɗaci da ke fitowa daga ƙarƙashin fata kuwa maganin wanke ciki ne mai ƙarfi, yana murɗa hanji. Haka filasko, wanda ke fitowa da kansa a fako. Sinadarin da ke cikin danginsa shi ne ake sayarwa a kantunan magani na Turai don taurin bayan gida, kuma yana aiki bayan awa 6 zuwa 12. A can an rubuta a jikin kwali kada a wuce mako ɗaya ana sha. A nan babu kwali, amma dokar tana nan.

Lalle kowa ya san shi a ƙunshi, ana kuma shafa shi don sanyaya tafin ƙafa. Kada a shafa wa jariri. Akwai yaran da ake haifa da ƙarancin wani sinadarin jini da likitoci ke kira G6PD, abin gado ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma, musamman ga maza, kuma lalle na iya farfasa ƙwayoyin jinin irin waɗannan jarirai. Ita kuwa darbejiya ba sai an dasa ta a garka ba, inuwarta da saiwoyinta za su kashe sauran. Tana ko'ina. Baƙuwa ce daga Indiya da ta shigo a zamanin mulkin mallaka, kuma da ita aka yi mafi yawan layukan kare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa tun daga 1975. Ganyenta na kare hatsi daga ƙwari, ana wanka da shi don ƙuraje. Manta kuwa ba na sha ba ne; a Indiya da Malesiya an samu jarirai da suka kamu da jijjiga, wasu suka mutu, bayan an ɗura masu shi.

4.1 Waɗanda ba a bari inda yara ke wasa

Wasu tsirran suna cikin kayan aikin masu magani, amma gida ba wurinsu ba ne. Zaƙami ya isa misali, kuma sunansa na biyu, haukata-yaro, ya gama bayani. Ƴaƴan zurma, wato cika-gida, suna da kyan gani kamar wake mai zane, kuma kaɗan daga cikinsu in aka tauna sun isa su kashe yaro. Ƴaƴan bini-da-zugu, da ake yin shinge da shi, suna da ɗanɗano kamar gyaɗa, shi ya sa yara ke ci su yi ta amai da zawo. Nonon tumfafiya yana lahanta ido. Har rai-ɗore, duk da daɗin sunansa, binciken da aka buga a 2007 ya danganta mutuwar yara da dama a jihar Uttar Pradesh ta Indiya da cin ɗanyun ƴaƴansa, waɗanda ke lalata hanta. Yana kama da tafasa, don haka mai tsinkar ganyen miya ta lura.

5.0 Ɗiba da sarrafawa

Ana tsinkar ganye da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kuma ba a tsige tsiro tas. A wanke, a shanya a inuwa, a kan tabarma ko faifai, inda iska ke ratsawa. Rana tana kashe bitamin, tana kuma kore man da ke ba ganye ƙamshi. In ganye ya bushe har yana karyewa a hannu, sai a daka, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi, a rubuta suna da wata a jiki. Duk abin da ya yi fumfuna a zubar, ba a kankarewa a yi amfani da sauran.

Hausa tana da kalmomi daban-daban na sarrafa magani, kuma kowace tana nuna wani aiki na musamman. Jiƙo shi ne a zuba ganye ko sassaƙe a ruwan sanyi ya ɗauki lokaci kafin a sha. Tsimi ya fi jiƙo daɗewa, har ya canza launi da ɗanɗano. Dafawa ta fi dacewa da abu mai tauri kamar saiwa da ɓawo. Ganye mai ƙamshi in aka daɗe ana tafasa shi, amfaninsa ya tafi tare da tururi. Sirace shi ne a lulluɓa da zane a kan tukunyar da aka sauke, a shaƙi tururin. Turare kuma a barbaɗa a garwashi a shaƙi hayaƙi ko a kanga jiki. Akwai kuma gari da ake sha a fura ko kunu ko nono, da wanda ake kwaɓawa da man shanu ko man kaɗe a shafa. Ɗalibin da ya fassara waɗannan duka da kalma ɗaya ya zubar da rabin ilimin.

Abu biyu ke bukatar hattara a nan. Jiƙon da ya kwana biyu a zafin ƙasarmu ya zama gidan ƙwayoyin cuta, don haka a jiƙa na yini ɗaya da ruwa mai tsabta. Sirace kuwa yakan ƙona yara in tukunya ta kife, gara a bar shi ga manya.

6.0 Awo da iyaka

Raunin maganin gida ba a tsiron yake ba, a awo yake. Mai magani zai ce "ɗan kaɗan", ko "tafi ɗaya", ko "ludayi biyu", alhali tafin wani ya ninka na wani, ludayi ma iri-iri ne. Ƙarfin ganyen kansa yana canzawa daga damina zuwa rani, daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ga abin da ake ci a miya wannan ba matsala ba ce. Ga abu mai ƙarfi kamar filasko matsala ce babba. Saboda haka a fara da kaɗan, a yi amfani da tsiro ɗaya a lokaci ɗaya, don in wani abu ya faru a san mai laifi.

Tazargade ya fi kowane tsiro bayyana wannan batu. Sunan ya haɗa tsirrai fiye da ɗaya na dangin Artemisia. Daga ɗaya daga cikinsu, Artemisia annua, Tu Youyou ƴar ƙasar Sin da abokan aikinta suka fitar da sinadarin atemisinin a 1972, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocinmu daga wannan sinadari aka samo shi. Sai mutum ya ce, to me zai hana in shuka abina in dafa in sha? A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan haka. Yawan sinadarin a ganye ba daidai yake ba, ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma abin da ke shiga jiki yakan isa ya kwantar da zazzaɓi ba tare da ya kashe ƙwayoyin cutar duka ba. Waɗanda suka tsira su ne ke dawowa, kuma ta haka cutar ke koyon jure wa magani. Ƙwayar asibiti magani biyu ne a haɗe, na kwana 3, da awo gwargwadon nauyin jiki. Yaron da jikinsa ya yi zafi da damina gwajin jini yake bukata a ranar, domin zazzaɓi mai tsanani na iya kisa cikin awa 24.

Haka batun zawo. Ana dafa ganyen gwaba, kuma babba na iya jin sauƙi. Amma abin da ke kashe yaro mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne. Abin da za a fara ba shi shi ne ruwan gishiri da sukari: in babu na ƙunshi, a samu lita 1 ta ruwa mai tsabta, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A asibiti za a ƙara masa ƙwayar zinki ta kwana 10 zuwa 14.

Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ɗauri, ko bauri kamar yadda ake faɗa a wurare da yawa na Nijar, wanda kakanni ke ɗura wa jinjiri don ya yi ƙarfi, hanya ce ta shigar da ruwa marar tsabta da sinadarai masu nauyi cikin hanta da ƙodar da ba su gama ƙwari ba. Na san wannan magana tana da wuyar faɗa a gaban suruka, amma gaskiya ce. Zuma ma ba a ba wanda bai cika shekara 1 ba.

Sunayen cututtuka su ma suna ruɗarwa kamar sunayen tsirrai. Shawara, alal misali, alama ce ta rawayar ido da fitsari, amma abin da ya kawo ta na iya zama ciwon hanta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila, ko toshewar matsarmama, kuma kowanne da maganinsa. Ɗura wa mai irin wannan hali jiƙo mai ɗaci ƙarin aiki ne ga hantar da ta riga ta gaji. Haka basir da sanyi da zahi, kowace kalma ta lulluɓe cututtuka da yawa. Tari da ya wuce mako 2, jini a bayan gida, kumburin ƙafa ko fuska, rama ba dalili, zubar jini ga mai ciki, duk waɗannan sun fi ƙarfin garka.

Wanda ya je asibiti kuma ya faɗa wa likita abin da ya sha a gida, da sunansa da yawansa da ranar da ya fara. Mutane da yawa suna ɓoyewa don tsoron faɗa, alhali wasu tsirran suna karo da ƙwayoyi: tafarnuwa mai yawa tana ƙara ƙarfin magungunan tsinka jini, soɓorodo kuma na iya haɗuwa da ƙwayar hawan jini su saukar da shi fiye da kima. In sunan tsiron na garinku ne kawai, likitan kuma baƙo ne, a tsinko reshe mai ganye da fure a tafi da shi.